Makullin da Ya Faɗa Rijiya

Tanimu tela ya tashi daga ɗakin hayar Alhaji Mudi, sai Alhaji ya baza a kasuwa cewa yana bin sa kuɗin wata biyar. Mai yadi ya daina ba shi kaya bashi. Tanimu ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idata ce: muddin makulli bai dawo hannuna ba, ɗaki na ɗan haya ne."

Tanimu ya ce, "Makullin ya faɗa rijiya."

"To ka shiga ka ɗauko, ko ka biya."

"Zan biya. Wato har yau ɗakin nawa ne, Alhaji?"

"Naka ne mana!"

"Madalla. Ranka ya daɗe, jiya na leƙa ta taga, na ga wani bawan Allah ya ɓalle kwaɗo, ya cika mini ɗaki da buhunan wake. Gobe zan sayar in biya Alhaji."

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, waken wa ne?"

Alhaji ya gyara hula. "Ai kowa ya san Tanimu ya tashi tun azumi."

Mai unguwa ya ce, "Ban da mai yadi. Je ka faɗa masa."