Ranar da Askar Maiwada Ta Ƙi Ci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun Shehunmu, malami masani, mai tsantseni, mai gudun duniya, wanda ya sha fiƙihu da tafsiri tun gemunsa bai fito ba, ya kuma zauna a kan buzu ɗaya shekara arba'in yana karantarwa a ƙasar Magariya ba a taɓa ganinsa a ƙofar wani mai mulki ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya hana mu rubuta sunansa, kuma ba ya so a kira abin da zan faɗa karama. In an tayar da zancen sai ya tambayi yadda gero ya yi a bana. To amma ni abin ya tsaya mini a rai, kuma ban ga dalilin binne shi ba don kawai a rufa wa wasu asiri.

A wani ƙauye tsakanin Bande da Dungas akwai wanzami ana ce masa Maiwada, wanda ya gaji zabira daga ubansa, uban kuma daga nasa uban, har ba a yin askin suna ko kaciya a garuruwa biyar na kewayen sai an aiko masa da goro. Mahaifiyarsa, Ƙande, tana zaune tare da shi a gidan gado tun rasuwar mijinta. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta iya zama hannu sake, kullum tana cikin kaba tana saƙa faifai. Sai wata shekara wasu tabbai masu kauri suka fito mata a gwiwar hannu da ƙeya, da farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Aka ce makero ne, aka shafa abin da aka shafa. Daga nan faratanta suka yi 'yan ramuka suka fara ɗagowa, yatsa ɗaya ya kumbura tun daga tushe har kai, na kusa da shi ya bi, har ta kai in ta tashi da safe ba ta iya dunƙule hannu ta riƙe buta sai rana ta ɗaga sosai.

Maiwada yana son uwarsa, wannan kam ba a ja. Amma wanzami ne, kuma a wurin wanzami duk kumburi mataccen jini ne. Ya kafa mata ƙaho a gwiwa da wuyan hannu, ya yi mata tsaga a kan yatsun, jini ya fito baƙi, ta ce ta ji dama-dama, shi kuma ya yi murna. Bayan sati biyu kowace tsaga ta yi nata tabon, da nata ɓawon, a jere kamar yadda askar ta bi. Kun san abin da bawan Allah ya ce? Ya ce ai ciwon ne ke fitowa waje! Sai ya ƙara. Damina uku yana ƙarawa, daga hannu ya koma kafaɗa, daga kafaɗa ya gangara baya, tsohuwa tana cije gefen zanenta ba ta taɓa ce masa ya isa ba, domin ɗanta ne na fari, kuma ba ta so a ce hannunsa ba shi da magani. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Mutanen gari kuwa, da ba su taɓa rasa abin faɗa ba, suka ga yatsu sun karkace ga fata tana zuba, sai suka yanke hukunci: kuturta ce. Matan da ta kama wa haihuwa suka daina amsa sallamarta da kyau. Aka ware mata kwano da moɗa a gidan da ta share shekara arba'in tana tuƙa wa tuwo, aka hana jikokinta hawa cinyarta. Goron suna ya daina zuwa wurin Maiwada, don babu mai miƙa jaririnsa ga hannun da ya fito daga gidan kuturu. Daga ƙarshe ƙanin ubansa, Baffa Alhassan, wanda shi ne babba a zuri'ar, ya kira Maiwada zaure ya ce, "Ɗana, ba ƙiyayya ba ce. In an gama ɗaurin gero ba ta warke ba, za mu yi mata bukka a gonarka ta gabas, a riƙa kai mata abinci. Haka kakanninmu suka yi." Maiwada ya sunkuyar da kai ya ce to. Wallahi wannan "to" ɗin har yau tana ƙona shi.

Saura kwana ashirin a fara girbi, sai ya ƙudura zai yi mata tsaga babba, tun daga wuya har ƙugu, wadda za ta zuƙe ciwon gaba ɗaya kafin wa'adin Baffa ya cika. Ya wasa askarsa mafi kyau, ta gadon ubansa, ya hau moto, wato babur, ya zo wurin Shehu da hantsi, muna tsakiyar karatu. Ba shawara ya zo nema ba, a gane. Tofi kawai yake so a yi wa askar don ta yi albarka. Ya durƙusa ya gaisa, ya ciro ta daga zabira ya miƙa da hannu biyu, bai kai ga buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne ba.

Shehu, Allah Ya ƙara masa yarda, bai karɓa ba, bai ma dube ta ba. Ya ajiye yatsansa a kan layin da ya tsaya a littafi, ya ce a hankali, "Askar nan ta ƙoshi da jinin mahaifiyarka. Mayar da ita. Abin da ke jikinta ba kuturta ba ne, ka kai ta likita." Ya ci gaba da karatu.

Maiwada ya fita a tsorace, domin bai gaya wa kowa a wurin cewa yana da uwa mara lafiya ba. Sai dai kafin ya wuce Bande tsoro ya sake shi, girman kai ya hau. An ce wanzami ba ya son jarfa. Shi da ya cire wa rabin ƙasar nan beli, yau a ce ya kwashi uwarsa ya kai wa masu farar riga, gari ya ce gadon ubansa ya kasa a cikin gidansa? Ya ce a ransa malam ya san littafi, shi kuma ya san jini. Washegari da safe ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kira Baffa Alhassan ya zama shaida, ya ce, "Inna, ki juya baya, wannan ce ta ƙarshe." Ta juya, ta tura gefen zani a baki kamar yadda ta saba.

Ya ɗora aska a kafaɗarta ya ja. Askar ta zame ta wuce, ko ja fatar ba ta yi ba. Ya ƙara dannawa, ta sake zamewa. Ya goga ta a fatar wasa aska ya gwada a gashin damtsensa, ta share shi tas. Ya koma bayan tsohuwa, askar ta ƙi ci. Ya ciro ta biyu, ya ciro ta uku, har 'yar ƙaramar da yake yi wa jarirai aski da ita, duk kanwar ja ce. Baffa Alhassan ya miƙe tsaye yana salati. Cikin ruɗewa Maiwada ya ɗan taɓa bakin ta farkon da babban yatsansa don ya ji ko ta dakushe, sai ta tsarge shi har jini ya ɗiga a tabarma. Ƙande ta cire zani daga baki ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "An gama ne? Yau ban ji zafi ba." Nan ya zube ya fashe da kuka kamar ba magidanci ba.

A ranar ya kai ta likitar Magariya, majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin, ya duba ya rubuta musu takarda zuwa Damagaram. A can suka sami doktor na fata, ya sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwan, sannan ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka ko da an ci a kwano ɗaya shekara ɗari. Ciwo ne da jiki ke juya wa kansa, ya kama fata ya kama gaɓoɓi. Ba ya warkewa ƙaf, amma ana kwantar da shi: ƙwaya sau ɗaya a sati, ba kullum ba, da man shafawa, da gwajin jini duk wata uku, da motsa yatsun a ruwan ɗumi kowace safiya. Ya ce yatsu huɗun da suka karkace sun riga sun tafi, da an zo da wuri da an cece su. Sai ya ɗaga mayafinta ya ga bayan, layi-layi, ransa ya ɓaci. Ya ce irin wannan fata duk inda aka yanka nan sabon tabo ke tsirowa. "Wane mara imani ne ya yi mata wannan?"

Maiwada ya buɗe baki, amma Ƙande ta riga shi. "Wani wanzami ne, likita, baƙo. Ya wuce."

Ba a yi bukkar ba. Baffa Alhassan da kansa ya bi gida-gida yana faɗar abin da idonsa ya gani, ko da yake wasu har gobe ba sa karɓar ruwa daga hannunta, Allah Ya shirye su. Bayan wata huɗu kumburin ya sauka, ɓawon ya ragu, ta koma barci ba nishi. Amma faifai kam ta yi sallama da shi, ko ƙullin zani sai an taya ta. Maiwada ya dawo wurin Shehu ya faɗi ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya hana aska ci ai zai iya miƙar da yatsu. A roƙa mata." Shehu ya ce, "Za mu roƙa, Allah Mai iko ne. Amma ni aska aka nuna mini. Hannun kuwa kai aka bar wa."

Tun daga nan shi ke ɗumama mata ruwa da sassafe, ya tsoma hannuwanta, ya miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa mata mai a bayan da shi ya zana, ya tuna ranar ƙwaya kada a ninka. Ba ta taɓa tayar masa da zancen ba, kuma wannan ya fi masa zafi a kan zagi. Duk wata uku in sun koma Damagaram, doktor ba ya ɗaga mayafin nan sai ya sake tsine wa baƙon wanzamin da ya wuce, Maiwada yana zaune a gefe riƙe da takalmanta. Ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: "A yafe masa, likita. Shi ma ɗan wata ne."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ɗaure bakin ƙarfe da kalmar bawansa. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehunmu kusanci da ɗaukaka, Ka ja zamaninsa cikin lafiya, Ka ba Ƙande ladan haƙurinta da sauƙin abin da ya rage mata, Ka gafarta wa ɗanta, Ka tsare iyayenmu daga cutar da za mu yi musu da sunan magani. Ka sa mu cikin albarkar bayinKa nagari, mu da duk wanda ya karanta ya ce amin.