Harsashin da Ya Rage a Bindigar Baba Bunu

Akwai wani mai gyaran waya a kasuwar Haɗeja, sunansa Abdulfattah. Kansa na ja, komai sau ɗaya ake nuna masa. Wannan ya sa bai iya tsayawa a gama yi masa bayani ba.

Amininsa tun na ƙuruciya shi ne Misbahu, tela mai aikin wuyan riga. Wata Asabar bayan la'asar Misbahu ya ja shi fadama, inda Baba Bunu, wani tsohon soja, yake jera gwangwanaye a jikin tudun ƙasa, ana harbinsu da bindigar iska don nishaɗi.

Abdulfattah bai taɓa riƙe bindiga ba. Baba Bunu ya ce, "Ɗana, kafin ka taɓa ta, ka ji. Ko ka rantse babu komai a cikinta, kada bakinta ya kalli mutum. Yatsanka kuma ya bar kunama sai ka saita."

"Baba, ai ta harbin tsuntsu ce," in ji Abdulfattah yana dariya.

"Tsuntsun ma rai gare shi."

Abdulfattah ya karɓi bindigar. Harbi biyu ya kuskure, na uku gwangwani ya yi sama. Na huɗu ma haka. Nan take kansa ya kumbura.

Baba Bunu ya ɗura wani harsashin, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya jingine bindigar, ya ce kada kowa ya taɓa, ya juya yana magana. Misbahu ya tafi gyara gwangwanayen da suka faɗi.

Abdulfattah bai ga lokacin da aka ɗura ta ba. Ya ɗauka, ya saita amininsa cikin wasa, ya ce, "Misbahu, hannu sama."

Misbahu ya waiwayo yana murmushi. Yatsan Abdulfattah na kan kunama. Sai bindigar ta tashi.

Daga asibitin gari aka wuce da Misbahu Kano. Bayan kwana tara likita ya ce idon dama ya tafi.

Abdulfattah ya kasa shiga ɗakin, kullum a baranda yake tsugunne. Ranar da za a sallame su, Iya Falmata, mahaifiyar Misbahu, ta fito ta same shi. Ita ce ta sha zuba musu tuwo a kwano ɗaya. Ba ta zage shi ba, cewa kawai ta yi, "Tashi, yana kiranka."

Ya shiga ya durƙusa yana kuka. Misbahu ya lalubo hannunsa ya ce, "Na yafe. Na san ba da gangan ka yi ba. Ka daina kuka, kana sa ni, kuma an hana ni."

Misbahu bai sake yin aikin wuya ba, zaren yana kuɓuce masa. Ɗinki na yau da kullum yake lallaɓawa. Baba Bunu ya daina fita fadama.

Kowace safiya Abdulfattah yakan biya shagon Misbahu kafin ya buɗe nasa. Wani lokaci yakan manta ya zauna a damansa, sai Misbahu ya ce a hankali, "Dawo ta nan, abokina, inda zan gan ka."

Darasi: Idan wanda ya fi ka sani ya ce kada, ka bari ko da kana ganin ka iya. Makami ba abin wasa ba ne, kuma yafiya ba ta mayar da abin da ya tafi. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin gargaɗi.