Murɗa-Ɗaya Da Akwatin Inna

Akwai wani mai yanka mabuɗai da ake yi wa laƙabi da Murɗa-Ɗaya. Shagonsa ɗan tsurut ne, in ya ware hannuwa sai ya taɓa bango da bango, amma bakinsa ya fi shagon faɗi.

Aikinsa tsofaffin akwatunan ƙarfe ne irin na da, waɗanda mabuɗansu suka ɓata. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Zai ɗauki ɗanyen mabuɗi marar haƙora, ya kara shi a kan kyandir har ya yi baƙi, ya zura a rami ya murɗa a hankali. Inda baƙin ya goge, nan ƙarfe ya taɓa ƙarfe, nan zai ci da magagari har haƙora su fito.

Sai dai iyawar ta hau masa kai. Da mai kaya ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ni da ƙarfe nake magana, ba da mutane ba."

Wata rana wani direban babbar mota ya zo masa a gaggauce.

"Maigida, taimako nake nema. Babanmu ya rasu, zan mayar da Inna gidana. To akwai wani akwatinsa a ɗaki, ƙarti sun taru sun kasa ɗaga shi, sai an kwashe abin da ke ciki. Mabuɗin kuma ya bi rigunan da aka rabar. In bai buɗu ba kafin ƙarshen mako, mai walda zan kira ya yanka shi."

Murɗa-Ɗaya ya yi dariya. "Yanka? Ina raye? Ai ba a banza aka sa min sunan nan ba. Mu je."

Ɗakin Inna duk an ɗaure kaya. An sauke labule, an jingine katifa, ba abin da ya rage a wurinsa sai akwatin, kore, a kusurwa. Fentin tsakiyar murfinsa ya goge har yana sheƙi. Murɗa-Ɗaya ya ga wurin, amma bai tambayi dalili ba.

Inna, tsohuwa mai jiki da fara'a, ta kawo masa ruwa. Ta ce, "Ɗana, don Allah kar a yanka shi. Da shi muka fara zama da marigayi, tun ba mu da kujera. Kuma ka ga shi akwatin nan, in za a..."

"Inna, ki huta. Ni da ƙarfe nake magana."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma ninke zannuwanta.

Ya kunna kyandir, ya shiga aiki. Kafin rana ta yi tsaka haƙora sun fito tsaf. Ya zura, ya murɗa, mabuɗin ya tafi rabi ya cije. Ya sake, ya cije. Ya yi tsaki ya wurgar da shi, ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Inna ta sunkuya ta tsince shi, ta ƙulle a bakin zaninta.

Washegari ya dawo da sabon ɗanyen mabuɗi. Duk lokacin da ya cije sai ya ƙara cin haƙoran, har ya cinye su tas, mabuɗin ya koma kamar bakin jariri. Na bayansa kuwa ƙarfi ya sa masa, ya lanƙwashe.

Inna ta leƙo. "Ɗana, ai marigayi in zai..."

"Inna, don Allah! Kina raba min hankali."

Daga nan ta ja da baya. Ta ce a ranta wataƙila masu sana'a sun san abin da ba ta sani ba. Amma ranta ya ɓaci, don ta fara ganin akwatin mijinta a yanke.

Ranar ƙarshe direba ya iso da mai walda, har an jona waya. Murɗa-Ɗaya yana durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga, ba sauran ɗanyen mabuɗi a jakarsa.

Direba ya ce, "Maigida, murɗa ɗaya ka ce, yanzu kuwa mun daina ƙirgawa. Matsa a yanka."

Murɗa-Ɗaya ya waiga. Ya ga Inna ta juya fuska bango don kar ta ga yankan, tana share ido da gefen mayafi. Nan kunya ta rufe shi. Tun da ya zo gidan nan sunansa yake karewa, tsohuwa kuma abin da ya rage mata na mijinta take karewa.

Ya ce wa mai walda, "Dakata." Ya je gabanta ya durƙusa.

"Inna, ki yafe min. Sau biyu kina fara magana ina katse ki. Wai yaya marigayi yake buɗe shi?"

Ta dube shi, dariya ta ƙwace mata da hawayen da komai.

"Au, yau da mutane kake magana? Ai akwatin nan mutum ɗaya ba ya buɗe shi. Babansu mai gyaran keke ne, ko kusa ba ya jefarwa. Ya cika shi har kaya suna tura murfi. Sai na zauna a kai, shi kuma ya murɗa."

Murɗa-Ɗaya ya dafe kai. Kayan ne suke tura murfin sama, murfin ya matse harshen kwaɗon, shi ya sa kowane mabuɗi yake cijewa. Ga ma shaidar zaman nan tana sheƙi a gabansa tun ranar farko.

"Inna, na lalata mabuɗan duka."

Ta kwance bakin zani. "Ga wanda ka wurgar. Ya yi kama da na marigayi, shi ya sa na ajiye."

Ta gyara zani, ta haye akwatin ta zauna daram. Murfin ya yi ƙasa kaɗan. Ya zura mabuɗin, ya murɗa sau ɗaya.

Ƙas!

Mai walda ya ce, "To, yau dai sunan ya yi gaskiya, amma rabin ladan na Inna ne."

Aka kwashe da dariya. Inna ta sauko, murfin ya ɗago da kansa. Can ƙasa sarƙoƙin keke ne da guduma da tarkacen ƙarafa. A sama kuwa ƙananan takalman yara ne, an ɗaure kowanne da ɗan'uwansa, da wata motar gwangwani mai tayoyin murfin kwalba.

Direba ya ɗauke ta, muryarsa ta canza. "Wannan tawa ce. Baba ya ƙwace ta don na ƙi karatu, ya ce ya jefa ta a shara."

"Shara?" in ji Inna. "Duk sanda ka yi doguwar tafiya sai ya ce in zo in zauna. Ya fito da ita ya juya tayoyin, ya ce Allah ya kai yaron nan lafiya, ya mayar."

Direba ya ce wa mai walda ya naɗe wayarsa. Suka kwashe kayan, aka kai akwatin mota, ya ce in sun isa komai zai koma ciki yadda yake, har tarkacen.

Murɗa-Ɗaya ya goge mabuɗin, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta juya shi a tafinta ta ce, "Ga mabuɗi, ga mai zama. Mai murɗawar ne babu."

Ɗanta ya karɓa ya sa a aljihun gaba.

"Ke dai ki zauna, Inna. Ni zan murɗa."

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo wa Murɗa-Ɗaya aiki, kafin ya kunna kyandir sai ya tura masa kujera ya ce, "Zauna ka ba ni labarinsa tukuna."

Darasi: Komai ƙwarewarka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Girman kai rawanin tsiya ne, ya kusa sa gwani ya lalata abin da tambaya ɗaya ta gyara. Ka bar mutane su ƙarasa maganarsu, musamman iyayenmu. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba ya bari a kai aya, in ya yarda ya karanta har ƙarshe.