Admiral ɗin da Ya Riga Rundunarsa Isa

Ambrose Kellaway jarumi ne, amma bai iya jira ba. Tun yana ƙaramin hafsa a rundunar ruwan Ingila yake cin abinci a tsaye. Da ya zama Admiral, wato babban kwamandan ruwa, aka ba shi jiragen yaƙi a tsibirin Antigua ana cikin yaƙi da Faransa, sai abin ya ƙaru. Wuni yake yana kai da komo a saman jirgi, yana hararar filafilan jirgin kamar su suka hana iska busawa.

Jirginsa sabo ne, an lulluɓe gindinsa da jan ƙarfe, yana tsaga ruwa kamar wuƙa. Sauran kuwa sun daɗe a ruwan zafi, gansakuka ta yi musu nauyi. Mafi nawa shi ne na Kyaftin Tobias Renwick, yayan matarsa.

Wata safiya aka hango jiragen Faransa sun doshi tsibirin Guadeloupe. Kafin a ɗaga anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, Kellaway ya tara kyaftin-kyaftin ɗinsa.

"Tobias, yau ma akwalar taka za mu tsaya wa? Ko in aiko maka da jaki ya ja ta?"

"Aiko shi, yallaɓai, ba ma ƙin taimako," in ji Renwick. "Amma ka san ka'ida. Runduna da tafiyar na baya take tafiya."

"Ka'idar tsofaffi ce. Kafin ka iso na gama."

"In ka isa kai kaɗai, Ambrose, wa za ka umarta?"

Kellaway ya sallame su. Ya sa aka baza filafilai duka. Yana ta ɗaga tutar a ƙara sauri, na baya suna iya ƙoƙarinsu, rata tana ƙaruwa. Zuwa azahar sun koma ɗigo-ɗigo a bayansa.

Faransawa suka waiwaya suka ga jirgi guda. Suka juyo suka sa shi a tsakiya. Sai iska ta ɗauke. Renwick yana jin ƙarar igwa daga nesa, ya sa aka sauke kwale-kwale ana jan jirginsa da igiya har hannuwan matuƙa suka yi jini, amma bai isa ba.

Da jigon da ke riƙe da filafilan jirginsa ya karye, gawawwaki suka cika dandamali, Kellaway ya sauke tuta ya miƙa takobinsa.

Aka ajiye shi a wani gida mai ƙaramin tsakar gida, bisa rantsuwar ba zai gudu ba. A nan ya ci gaba da kai da komo, daga bango zuwa bango, har furfura ta rufe shi. Kullum yakan tambayi mai gadi ko an yi sulhu.

"Sai dai a jira, yallaɓai," in ji mai gadin.

Darasin shi ne, garaje ba ƙarfi ba ne. Shugaba da jama'arsa yake da ƙarfi, kuma wanda ya wuce su don sun yi masa nawa, shi kaɗai zai tari abin da ke gaba. Wanda ya ƙi jiran wuni guda da son ransa, yakan yi jiran shekaru a kan tilas.