Kande da Ƙafafunta na Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, in ji ku.

A wani gari na dabbobi, babu wasan da ake ji da shi kamar tsalle. A filin wasan akwai wani baƙin dutse da ake kira Iyaka. Tun kaka da kakanni aka ce babu ƙafar da ke wuce shi. Mai tsalle zai taso da gudu, ya tashi sama, da ya hango dutsen sai gabansa ya faɗi, sai ya naɗe ƙafa a iska ya sauko tim. Kowace shekara kuma dutsen ƙara matsowa yake yi, tsallen garin yana ƙara gajarta, har Zomo ya koma tsallake tafin hannu ana yi masa guɗa.

Ana nan sai birai suka aiko. Suka ce ranar kasuwa a fito da wanda zai tsallake kwazazzabon da ya raba su, in babu, tafkin garin ya zama nasu. Kwazazzabon kuwa ya ninka Iyaka nisa. Zomo ya ce ciki ke murɗa masa. Kwaɗo ya ce suna da rasuwa. Sai wata akuya mai tsalle, sunanta Kande, ta ce ita za ta.

Da safe ta zo fili, ta tara ƙafafunta huɗu, ta ce musu yau za a wuce dutse. Na gaba suka yarda. Na baya suka ce su dai ba a haife su da wannan ba. Ta yi tsalle, na baya suka riƙe, ta faɗi a kan hanci. Ta tashi ta yaba musu, ta ce sun fi jiya.

Kashegari ta sake. Ta faɗi a kan haɓa. Ta shafa musu man gyaɗa, ta ce ba ta taɓa ganin ƙafafu masu kyan tashi irinsu ba. Na baya suka soma jin kunya.

A rana ta uku suka ce, "To, mu gwada, amma in an mutu ba ruwanmu."

Sai ta tashi, sai ta dira daidai kan Iyaka. Sai dutse ya fito da kai ya ce, "Baiwar Allah, bayana ne fa."

Ashe tsohon kunkuru ne. Ya ce shi barci yake yi, yana ɗan matsawa ne don bin inuwa, bai san an ɗora masa sarauta ba. Zomo ya ji haka, ciki ya warke nan take. Kwaɗo ya ce mamacin ya farfaɗo.

Ranar kasuwa Kande ta taso. Yanzu kuma na baya ne suka ƙi sauka. Ta wuce kwazazzabo, ta wuce birai, ta wuce garinsu, na gaba suna roƙo a tsaya. Sai can ta faɗa rumfar wata mai sayar da dusa a ƙasar da ba ta jin yarensu. Ta ci ta ƙoshi, ta kamo hanyar gida a ƙasa. Tafki ya zauna wa masu shi.

Ku yara, kafin ku ce ba za ku iya ba, ku je ku taɓa abin da ya tare ku, ku ga ko yana numfashi. Jiki kuwa abin da zuciya ta faɗa masa yake ji.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta dira.