Gyaɗa Mai Furfura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

Gafiya uwar rowa ta cusa ɗanyar gyaɗa a rami. Ta ƙi shanyawa, wai kada maƙwabta su gani su roƙa. Ba a jima ba hunhuna ta rufe gyaɗar.

Kurege ya leƙo ya ce, "Inna Gafiya, gyaɗarki ta yi gemu, zubar da ita."

Ta ce, "Furfura ce, ɗan nan. A gidanku zubar da tsofaffi ake yi?"

Ya ce, "Irinta ce fa ta kwantar da 'ya'yan wani manomi."

Ta ce, "Ba su soya ba ne. Me ya gagari wuta?"

Ta soya, ta yi ta ɗura wa autanta. Idon yaro ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Ta fito tana kururuwa, wai Mujiya ta kama masa kurwa.

Kurege ya ce, "Ƙyale Mujiya, Inna. Mayyar tana kaskonki. Wuta ta cinye furfurar, ta bar dafin."

Ranar da aka binne auta, Gafiya ta dubi ragowar gyaɗar, ta share hawaye, ta ce, "Asara biyu? Allah ya kiyaye!" Ta sake ɗora kasko.

Ƙurunƙus kan gafiya! Ba don rowa ba, da auta na nan yana jin wannan tatsuniya.