Manomin da Ya Ci Irinsa

Akwai wani manomi da ya gaji gona daga mahaifinsa, ya kuma gaji irin dawar da kakanninsa suka yi ta shukawa. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyi mafi kyau, ya ɗaure su, ya rataye a saman murhu domin hayaƙi ya kori ƙwari. Komai tsananin yunwa, ba a taɓa wannan dami.

Wata shekara sai ga mota ta shigo ƙauyensu da irin masara na kamfani cikin leda mai sheƙi, da takin zamani daga ƙasashen waje. Mutumin ya shuka gonarsa duka. Masara ta yi goyo bibbiyu, rumbu ya cika, 'yan kasuwa suka zo har ƙofar gida suna loda buhuna. Nan fa kansa ya kumbura.

Ya ce wa matarsa, "Sauke dawar nan ki yi mana tuwo. Zamaninta ya wuce."

Ta ce, "Maigida, irin Baba ne fa."

Ya ce, "Baba bai ga masarar kamfani ba."

Ta sauke, ta daka, suka ci. Tuwon kuwa ya yi daɗi.

Sa'an nan ya zaɓi manyan masara ya rataye, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Bai sani ba, irin kamfani ba ya haifar kamarsa. Da damina ta kewayo ya shuka, sai ta fito barkatai, wata doguwa ba goyo, wata gajera ba ƙwaya. Motar ba ta dawo ba, taki ma ya yanke, wai ana rikici a ƙasar da ake kawo shi daga can.

Tsoro ya kama shi. Ya shiga madafa ya ɗaga kai, yana neman dawar da ba ta bukatar takin kowa. Ba kome sai igiya, ta yi baƙi da hayaƙi.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon irin nan Maganar Allah ce, wadda iyayenku suka ajiye muku. Masarar kamfani kuwa abubuwan zamani ne. Ba mugaye ba ne, ku more su da godiya, amma ba sa ba da rai daga tsara zuwa tsara. Manomin bai yi laifi ba da ya gwada sabon abu. Laifinsa shi ne, a shekarar ƙoshi ya cinye abin da zai cece shi a shekarar yunwa. Kai da aka bar wa addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki a gidanku, je ka duba saman murhunka tun rumbu yana cike.